Toka Ta Adana, Iska Ta Cinye: Tarihin Ceton Zanen Bangon Pompeii

A ƙarshen shekarar 1738, Sarkin Napoli, Carlo na gidan sarautar Bourbon, ya ba da umarni a koma kan wata tsohuwar rijiya da ke garin Resina, a gindin dutsen Vesuvius mai aman wuta. Tun a 1709 masu haƙa rijiyar suka ci karo da sassaƙaƙƙun duwatsun marmara, wani basarake ya kwashi abin da ya kwasa, aka bar wurin. Wanda aka ɗora wa sabon aikin injiniyan soja ne ɗan ƙasar Sifen, Roque Joaquín de Alcubierre. Ma'aikatansa suka nutsa ƙasa wajen mita ashirin, suna fasa ƙananan hanyoyi cikin daskararriyar toka, da fitilu a hannu, hayaƙi na shiga musu ido. Abin da ke ƙarƙashin ƙafafunsu birnin Herculaneum ne, wanda dutsen ya binne tare da Pompeii a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa.

A 1739 hasken fitila ya faɗa kan wani bango, sai ga jarumi Theseus a tsaye, dodon nan mai kan bijimi kwance matacce a gabansa, yara suna sumbatar hannunsa. Launin bai dushe ba. Masanan Turai sun daɗe suna karanta labarin zanen mutanen da a littattafai, amma abin da suka gani da ido kaɗan ne. Yanzu ga shi a gabansu, ɗaki bayan ɗaki. Daga ranar ce kuma wahalar zanen ta fara, domin tokar da ta kashe mutanen birnin ita ce ta tsare bangwayensu daga iska da rana da ruwan sama har shekara dubu ɗaya da ɗari shida da wani abu.

Sai an san yadda Rumawa suke zane kafin a gane abin da ke lalata shi. Ba fenti suke shafawa a kan busasshen bango ba. Ana ƙona dutsen farar ƙasa, a jiƙa shi ya daɗe a rami har ya yi laushi, a kwaɓa da yashi a yi yaɓe. Vitruvius, maginin da ya rubuta littafi kan gini a zamanin Sarki Augustus, ya ba da shawarar a yi yaɓe hawa-hawa: uku da yashi, uku da garin marmara, kowane ya fi na ƙarƙashinsa laushi. Yawancin gidajen Pompeii ba su kai haka ba, hawa biyu ko uku aka yi musu. Tun yaɓen ƙarshe yana ɗanye mai zane yake ɗora launi, garin ƙasa ko na dutse da aka dama da ruwa kawai. Yayin da bangon ke bushewa, farar ƙasar tana shaƙar iska tana komawa dutse, ta kulle ƙwayoyin launin a cikin jikinta. Shi ya sa ake yaɓa iya abin da za a iya zanawa kafin ya bushe, daga saman bango zuwa ƙasa, kuma har yau mai lura yana ganin layin da aikin wata rana ya haɗu da na washegari. Zanen da bangon abu ɗaya ne ke nan. Duk abin da ya sami yaɓen ya sami hoton.

Launukan ma suna da darajoji. Rawaya da ja na ƙasa suna da arha. Shuɗi haɗa shi ake yi da yashi da tagulla a wuta, sana'ar da ta samo asali daga Masar, aka kuma kafa masana'antarta a Puteoli, kusa da Napoli. Mafi tsada shi ne wani ja mai haske da ake samu daga dutsen da ake fitar da zaiba, ana kawo shi daga Sisapo a Sifen, har hukuma ta yanke masa farashi. Wannan jan yana da aibi guda: idan rana ta daɗe tana dukansa sai ya yi baƙi. Vitruvius ya kawo labarin wani magatakarda mai suna Faberius da ya shafe bangon tsakar gidansa da shi a Roma, cikin wata guda launin ya ɓaci. Maganin da ya bayar shi ne a shafa kakin zuma a kai. Wannan shawara za ta dawo bayan ƙarnuka masu yawa, ta jawo ɓarnar da mai ita bai taɓa nufa ba.

Mutanen Sarki Carlo ba su yi tunanin barin zane a inda yake ba. A ramukan Herculaneum ma babu halin yin haka, tunda da an gama da wuri ake mayar da ƙasa a cike shi. Aka kawo wani masassaƙi mai suna Joseph Canart daga Roma, aikinsa ya yanko hotuna. Yakan zagaye hoton da kurfi, a tallafe fuskarsa da katako, a sare bango ta baya, a kankare kaurin yaɓen, a manna masa allon dutse, a sa shi cikin firam na itace, a jawo shi sama da igiya. Sai a kai fadar Portici a rataye. Da aka fara haƙa Pompeii a 1748, haka aka ci gaba da yi. Wanda ya je Pompeii yau zai ga ɗakuna masu jan bango da ramuka masu kusurwa huɗu a tsakiya. Can hotunan suke a da. Yawancinsu suna gidan adana kayan tarihi na Napoli.

Abin da aka rasa a nan babba ne. Mai zanen Rumawa ɗaki yake tsarawa gaba ɗayansa: ginshiƙan da aka zana, tagogin ƙarya da ke buɗewa ga lambu, gindin bango mai duhu, sama mai haske, da hoto a tsakiya wanda yake amsa wa hoton da ke bangon da ke fuskantarsa. Idan aka yanke tsakiyar aka sa a firam, an sami hoto, an kashe ɗaki. Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Mai kula da taskar Portici, Camillo Paderni, shi ne ke zaɓen abin da ya cancanci sarki, kuma akwai lokacin da ake sa diga a farfasa zanen da ba a zaɓa ba, don kada wani ya ɗauka ya sayar wa baƙi. Sai a farkon shekarun 1760 fada ta hana wannan. Baƙon da aka yarda ya shiga taskar kuwa ba a barinsa ya kwafi komai a takarda. Sarauta ce kaɗai ke da ikon nuna wa duniya, ta manyan littattafai takwas da aka buga tsakanin 1757 da 1792, ana rabawa kyauta ga waɗanda fada ta ga dama.

Tun a shekarar farko aka lura cewa zanen da ya fito yana sheƙi, da ya bushe sai ya yi fari-fari, launi ya fara tashi. Wani hafsan soja mai suna Stefano Moriconi ya zo da wani man shafawa da ya haɗa, aka gwada, launuka suka farfaɗo, kowa ya yi murna. Aka shafe ɗaruruwan hotuna da shi. Bayan wasu shekaru man ya koma rawaya, ya ƙanƙance, ya fara ɓarewa yana ɗauko launin da aka sa shi ya tsare. Garin gyaran gira aka kusa rasa ido. Ban ga dalilin zargin Moriconi da mugun nufi ba. Ya yi amfani da sanin zamaninsa ne. Amma shi ne na farko a jerin masu taimakon da waɗanda suka biyo baya suka sha wahalar kankare taimakonsu.

Sauyi ya zo bayan haɗewar Italiya. Giuseppe Fiorelli, wanda ya karɓi ragamar haƙan a farkon shekarun 1860, ya raba birnin shiyya-shiyya, ya ba kowane gida lamba, ya sa a riƙa haƙa daga sama zuwa ƙasa ana rubuta abin da aka samu. Shi ne wanda a 1863 ya zuba farar filasta cikin guraben da gawarwaki suka bari a toka, siffofin matattu suka fito. A 1882 wani Bajamushe, August Mau, ya kasa zanen bangon Pompeii gida huɗu bisa zamani da salo, rabon da ake amfani da shi har gobe. Aikin Mau bai yiwuwa sai da cikakken bango, don haka ya ƙarfafa ra'ayin barin zane a mazauninsa. Da aka haƙa Gidan Vettii a 1894 zuwa 1895, aka bar masa hotunansa, aka yi masa rufi.

Wannan sabon tunani bai kai gonakin da ke wajen birni ba, inda doka ta bar wa mai ƙasa hannu. A Boscoreale, a 1900, aka tono wani katafaren gidan gona da ake dangantawa da Publius Fannius Synistor. Aka yanke bangwayensa, aka yi gwanjonsu a Paris a 1903. Yau ɗaki guda na wannan gida yana New York, wasu sassa suna Napoli, wasu Paris, wasu Beljiyam, wasu Amsterdam. Gidan kansa an mayar da ƙasa an rufe. Mai son ganin abin da mai gidan yake gani daga ƙofa guda, sai ya ƙetare teku.

Barin zane a mazauninsa ya zo da nasa ciwon, kuma babu inda ya fi nuna shi kamar gidan da ake kira Villa dei Misteri, a bakin Pompeii. An fara tono shi a 1909, Amedeo Maiuri ya kammala a 1929 zuwa 1930. A ciki akwai ɗaki mai jan bango, da mutane kusan girman mutum na gaske suna zagaye da shi, ana jin hidimar bautar Dionysus suke yi. Ba a jima da buɗe shi ba sai fararen tabo suka fara fitowa. Duk wanda ya zauna a gidan ƙasa a unguwa mai kanwa ya san yadda damshi ke hawa bango ya bar farin gishiri, gindin bangon ya riƙa zubewa. Haka yake faruwa a nan. Ruwa yana tasowa daga ƙasa ɗauke da gishiri, ya ratsa yaɓe, ya bushe a fuskar zanen. Gishirin yana daskarewa ya kumbura, ya turo launi waje. Masu gadin wurin suka koma ga kakin zuma, suna narka shi da fetur suna shafawa. Bango ya yi ƙyalli, ja ya ƙara zurfi, masu yawon buɗe ido suka ji daɗi. Aka mayar da shafa kaki al'ada a gidaje da yawa, hawa kan hawa, shekara da shekaru. Kakin ya toshe hanyar da bango ke fitar da damshi, ruwa da gishiri suka taru a bayansa, ƙura ta manne a gabansa, ƙananan zane-zane suka nutse cikin duhu.

Sai yaƙi. Daga ƙarshen watan Agusta zuwa Satumba na 1943, jiragen Ingila da Amurka da ke farautar sojojin Jamus da hanyoyinsu sun jefa bama-bamai fiye da ɗari da hamsin a kan kangon Pompeii. Ƙaramin gidan tarihin da ke bakin ƙofar birnin ya rushe, gidaje da dama suka tarwatse. Maiuri da kansa ya ji rauni a ƙafa a cikin waɗannan makonni. Zanen da ya tsira daga aman wuta ya koma ɓaraguzai.

Daga cikin irin waɗannan ɓaraguzan ne sana'ar gyaran zane ta zamani ta tashi da ƙafafunta. A 1939 aka kafa cibiyar gyaran kayan fasaha ta ƙasa a Roma, Cesare Brandi ne shugabanta na farko. Da bom ya faɗa kan wata majami'a a Viterbo a 1944 ya ruguza zanen ƙarni na goma sha biyar da ke cikinta, ma'aikatan Brandi suka tsince gutsattsarin daga ƙasa, kowane da alamar inda aka same shi, suka shafe shekaru suna harhaɗawa. Tambayar da ta tsaya musu ita ce: ina za a yi da guraben da babu gutsurensu? Mai gyara na da sai ya ɗauki buroshi ya cike, ya ƙirƙiro hanci ko yatsa yadda ya ga dama, har ba a bambance nasa da na asali. Brandi ya ƙi. Suka fito da dabarar cike ƙaramin gurbi da siraran layuka a tsaye, da launin ruwa mai wankuwa. Daga nesa ido yana haɗa hoton, da an matso kusa kuwa kowa ya ga inda sabon hannu ya taɓa. Babban gurbi a bar shi fili. A littafinsa na 1963 ya shimfiɗa ƙa'idar: kada gyara ya zama jabu, kada ya share sawun zamani, kada kuma ya toshe wa mai gyara na gaba hanya. A ganina wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi nauyi, domin yana ɗauke da amincewa cewa na baya zai iya fin na yanzu sani.

Cibiyar ba ta haramta cire zane baki ɗaya ba. A 1951 zuwa 1952 ma'aikatanta sun ɗauke zanen lambun da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan Livia, matar Augustus, a Prima Porta, saboda damshi yana cinye shi. Amma duk bangwaye huɗun aka ɗauke, aka sake jera su a ɗaki mai girman na asali. Mai shiga gidan tarihi na Palazzo Massimo a Roma yau yana tsayawa ne a tsakiyar itatuwan rumman da tsuntsaye, kamar yadda aka nufa.

A Pompeii kuwa, gyaran bayan yaƙi da siminti da ƙarfe aka yi shi, domin su ne kayan da ake alfahari da su a lokacin. Siminti ya fi tsohon bango tauri da nauyi, yana kuma ɗauke da nasa gishirin. Ƙarfen da ke cikin kankare yana tsatsa ya kumbura ya tsaga abin da ke kewaye da shi. Girgizar ƙasa ta 23 ga Nuwamba 1980 ta ƙara raunana gine-gine da yawa. Birni ne mai faɗin hekta 66, an tone wajen kashi biyu cikin uku, dubban ɗakuna a buɗe ga sama, ma'aikata ba su isa ba. Da safiyar 6 ga Nuwamba 2010, bayan kwanaki ana ruwa, ginin da ake kira Schola Armaturarum a kan babban titin Via dell'Abbondanza ya rufta. Bom ya taɓa shi a 1943, aka ɗora masa rufin kankare, ga tudun ƙasar da ba a tone ba a bayansa ya sha ruwa ya yi nauyi. Shugaban Italiya na lokacin, Giorgio Napolitano, ya kira abin da abin kunya ga ƙasar. A 2012 aka amince da babban shirin ceto na Yuro miliyan 105, mafi yawa daga Tarayyar Turai. Kaso mai yawa na kuɗin bai tafi kan hotuna kai tsaye ba. Magudanan ruwa aka gyara, aka sassabe tudun ƙasa, aka tallafe bangwaye, aka sauya rufi, kuma daidai ne, tunda babu amfanin goge fuskar zane alhali ruwa na shigowa ta bayansa.

Bayan nan aka fuskanci kakin. A Villa dei Misteri, tsakanin 2013 da 2015, aka yi amfani da hasken leza, wanda ake saita ƙarfinsa ya tashi dattin da ke sama ya bar launin da ke ƙasa. Gidan Vettii ya shafe wajen shekara ashirin yawancinsa a rufe, aka buɗe shi a Janairun 2023 bayan an cire masa kaki hawa-hawa. Ƙananan yaran nan masu fukafukai da aka zana a kan baƙin bango suna aikin ƙira da haɗa turare da matsar inabi suka sake fitowa sarai.

Aikin da ya fi cin rai shi ne na gutsattsari, kuma ba kasafai ake ganinsa ba, domin a ɗakunan ajiya ake yinsa. Idan rufi ko bango ya zube, ana raba ƙasan ɗakin gida-gida, a tsince kowane gutsure a sa a akwatin gidan da ya faɗa. A share shi da buroshi mai laushi da 'yar aska. Sai a baza a kan tebura, a ware ja daga baƙi, mai layi daga mai fure. Fuskar gutsure ba ita kaɗai ke magana ba. Ana juya bayansa a duba kaurin yaɓe da irin yashin, kuma idan daga rufi ya faɗo, akwai sawun karan da aka ɗaure aka yaɓa a kai, wanda ke nuna ta wace fuska yake kwance. In an sami biyu da bakinsu ya haɗu, a tsayar da su cikin akwatin yashi, a manna da gam ɗin da za a iya narkarwa daga baya. A ƙarshe a jera su kan allo marar nauyi. Gefuna sun goge, wasu gutsattsarin sun ɓace har abada, sau da yawa na ɗakuna biyu sun cakuɗe, kuma babu hoton asali da za a duba. Ƙwararre yakan wuni bai haɗa ko guda ba.

Akwai wani gida a shiyya ta tara ta Pompeii da aka fara tonowa a 1987, ana kiransa Gidan Masu Zane a Bakin Aiki. Girgizar ƙasa ta shekara ta 62 da waɗanda suka biyo ta sun lalata gidaje da yawa a birnin, kuma a wannan gida ana tsakiyar sabunta babban ɗaki ne dutsen ya fashe. An sami ƙananan tukwanen launi da kayan awo a ƙasa. A bango, wani sashe an gama shi, wani an zana shacinsa kawai, wani kuma yaɓe ne da ba a kai ga taɓawa ba. Zanen rufin ɗakunan gidan ya zube a aman wutar, bama-baman 1943 suka ƙara niƙe wani ɓangare. A 2018 masana daga Jami'ar Lausanne ta Suwizalan, ƙarƙashin Michel Fuchs, suka fara harhaɗa shi da hannu.

A watan Satumba na 2021 aka fara wani shiri mai suna RePAIR, da kuɗin Tarayyar Turai, Jami'ar Ca' Foscari ta Venice ta jagorance shi. Ana ɗaukar hoton kowane gutsure ta kowace fuska, kwamfuta ta auna siffarsa da launinsa da layukan da ke kansa, ta ba da shawarar wanne ke bin wanne, sannan wata na'ura mai hannuwa biyu masu taushi ta ɗauka ta ajiye a kan shimfiɗar yashi. Gutsattsarin rufin wannan gida da na Schola Armaturarum aka zaɓa don gwaji, kuma an fara horar da na'urar da kwafin da aka ƙera, don kada ta murƙushe na gaske. Shawarar da kwamfuta ta bayar sai mai gyara ya duba ta, ya juya gutsuren ya ga ko sawun kara ya yarda, kafin a kawo gam.